Tsakanin "A Taimaka Mini" da "A Duba Mini"

Da zarar an kafe sakamakon jarrabawa a allon sanarwa, ko an ɗora shi a shafin jami'a na intanet, sai barandar ofisoshin malamai ta cika da ɗalibai. Wani na jingine da bango yana ta latsa waya, wata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska don kada a ga idonta ya yi ja, wani kuma sai kai-komo yake yi yana bitar abin da zai faɗa in an yi masa izinin shiga. Abu ɗaya ne ya tara su, makin da aka ba su bai yi musu daɗi ba. Amma in ka kasa kunne a bakin ƙofa, za ka ji maganar ta rabu gida biyu. Mafi yawa cewa suke yi, "Malam, don Allah don Annabi a taimaka mini." 'Yan kaɗan ne ke iya cewa, "Malam, ina roƙon a duba mini takardata."

A ganina, mai cewa a duba masa haƙƙinsa yake nema, kuma wajibi ne kowace jami'a ta sauƙaƙa masa hanya. Mai cewa a taimaka masa kuwa ba shi da haƙƙi ko na ƙwayar zarra, komai tausayin da ya ba mu. Abin haushin shi ne, yadda muka tsara al'amuranmu, mai neman alfarmar ya fi saurin samun biyan buƙata.

Wanda bai yi jami'a ba zai iya cewa, duk wannan tashin hankali a kan maki ɗaya ko biyu? To ga lissafin. A mafi yawan jami'o'in Najeriya, 70 zuwa sama shi ne A, kuma darajarsa 5. 60 zuwa 69 shi ne B, darajarsa 4. Haka ake gangarowa har a iso F, wanda ba shi da daraja ko ɗaya. Ana ninka wannan daraja da nauyin kwas ɗin, a tara na dukkan kwasa-kwasan, a raba, a fitar da matsakaicin da zai yanke wa ɗalibi ajin digirinsa. Daga 4.50 ne ake samun digiri mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 kuma mai daraja ta biyu babba. A ce yarinya ta ɗauki kwasa-kwasan da jimillar nauyinsu ya kai 150, ta ƙare da 3.48. Idan a wani kwas mai nauyin 3 an rubuta mata 69 alhali 70 ta ci, wannan maki ɗayan ya hana ta ɗigo 3, kuma ɗigo ukun nan su ne daidai abin da zai kai ta 3.50. Da wannan aji ake tankaɗe masu neman tallafin karatu a waje, da shi jami'o'i ke ɗaukar sababbin malamai, da shi bankuna da manyan kamfanoni ke watsar da takardun neman aiki tun kafin su ga fuskar mai su.

A ƙasan ma'aunin ma haka abin yake. Inda 40 ke makin ci, wanda aka rubuta wa 39 ya ɗauki kari-oba, kuma in a shekarar ƙarshe ne, shekara guda ta tafi ke nan: sabon kuɗin makaranta, sabon kuɗin ɗaki, abokan karatu sun tafi hidimar ƙasa sun bar shi. In ya yi rashin sa'a shekarunsa suka haura 30 kafin ya kammala, takardar yafewa za a miƙa masa a maimakon kakin hidimar ƙasa. Saboda haka ɗalibin da ya tsaya a kan maki ɗaya ba rigima yake nema ba.

Shin ana kuskure a makin? Duk wanda ya taɓa zama kusa da jami'in jarrabawa na wani sashe a makon haɗa sakamako ba zai yi wannan tambaya ba. Ka shiga ofishin ka ga ɗaurin takardun amsa an ɗaure su da igiya an jibge a ƙasa har sun kusa kai taga, fanka ba ta juyi don ba wuta, malami na zaune da jan biro a hannu da takardu ɗari biyar ko fiye na kwas ɗaya a gabansa, ga shugaban sashe na aiko masa da saƙo cewa jibi za a yi zama. Zai duba kowace amsa, ya rubuta makinta a gefe, ya kwaso su zuwa bangon takardar, ya tara, ya ɗauko makin gwaji na tsakiyar zango daga wata takarda dabam ya haɗa, sannan ya kwafe jimillar zuwa jerin sunaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ƙofar kuskure ce. Ana tsallake shafi saboda ganye biyu sun manne. Ana tara 12 da 15 da 9 a sami 26. Ƙarin takardar da ɗalibi ya karɓa a zauren jarrabawa takan cire ta ɓace. Ido kan zame layi ɗaya a jerin sunaye, sai makin Abubakar Muhammad na sama ya faɗa wa Abubakar Muhammad na ƙasa, kuma a ajujuwanmu na Arewa masu suna iri ɗaya ba su ƙirguwa. Wani lokaci ɗalibin ne da kansa ya rubuta lambarsa ba daidai ba, sai ya wayi gari an rubuta masa bai zauna jarrabawa ba, alhali a kujerar gaba ya zauna.

Lokacin da zangon karatu ya matse, kamar yadda aka gani bayan yajin aikin ƙungiyar ASUU na wata takwas a 2022, duk wannan aiki cikin gudu ake yin sa. Ba mugunta ke kawo irin waɗannan kurakurai ba, gajiya ce da yawan jama'a. Amma ɗalibin da abin ya faɗa wa, illar ɗaya ce a gare shi.

A takarda, akwai hanyar gyara. Ƙa'idojin yawancin jami'o'inmu sun ba ɗalibi damar neman a sake duba takardarsa: ya rubuta koke ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya zuwa hukumar jami'a, ya biya kuɗin da aka yanka, a ɗauki takardar a kai wa wani masani dabam, sau da yawa a wata jami'ar, ya sake yi mata maki. Sai dai ka tambayi ɗalibai nawa suka san da wannan shafi a littafin ƙa'idojin da aka raba musu ranar rantsuwa. Waɗanda suka sani kuma tsoro suke ji, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Koken zai bi ta hannun abokan aikin malamin da ake ƙara. Ɗalibin zai sake haɗuwa da malamin nan a wani kwas, wataƙila ma shi za a ba shi ya duba masa kundin kammala karatu. 'Yan ajinsa za su ja shi gefe su ce, "Kai, rufa wa kanka asiri, kada a sa maka ido." A haka da yawa ke haɗiye abin, su ce Allah ya isa a zuci, su sake rajistar kwas ɗin.

Kotu ma ba mafaka ce mai sauƙi ba. A 2005, a shari'ar wani ɗalibi mai suna Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi, Kotun Ƙoli ta ƙi tsoma baki a hukuncin majalisar jami'ar, wadda ta ƙi amincewa da kundin digirinsa na biyu. Alƙalai na ganin auna ilimi aikin malamai ne, kuma ban ga laifinsu ba. Ko a Ingila, inda ɗalibi ke da hanyoyin ƙara iri-iri, ba a karɓar koken da ya tsaya kawai a kan cewa malami ya raina ingancin amsa. Abin da ake saurara shi ne an saɓa ƙa'ida, ko an yi kuskuren lissafi, ko an nuna son zuciya. Ma'anar wannan ita ce, in adalci zai samu, a cikin gida zai samu, tun kafin majalisar jami'a ta buga hatimi a sakamakon.

Da ƙofar gaba ta yi nauyin turawa, sai jama'a suka koma ta baya, wato kamun ƙafa. Yaro zai je ya sami kawunsa, kawun ya kira wani abokinsa da suka yi makaranta da malamin, ko a bi ta limamin unguwarsu, ko ta surukinsa. Da yamma sai malami ya ji sallama a ƙofar gida, a gaisa, a tambayi iyali, a yi zancen tsadar masara da halin da ƙasa ke ciki, sai can wajen tashi baƙo ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar takarda mai lambar ɗalibi, ya ce, "Yaron nan namu ne, a duba lamarinsa." Kowa ya san irin dubawar da ake nufi. Malamin da ya ƙi, an ce ba shi da mutunci, boko ya ɓata shi. Wanda ya yarda kuma ya zalunci yaran da ba su da kawu, waɗanda iyayensu ke ƙauye ba su ma san hanyar jami'ar ba. Muna kiran wannan zumunci, amma makin da aka ƙara wa ɗan gata daga bakin wani aka ƙwace shi, domin gobe su biyun ne za su tsaya layi ɗaya neman aiki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Duk ranar da ɗaliba ta shiga ofis ita kaɗai ta ce a taimaka mata, ta miƙa wuyanta ga imanin mutumin da ke bayan teburin. Mafi yawan malamai mutanen kirki ne, za su yi mata nasiha su sallame ta. Amma ba duka ba. A watan Disamba na 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara biyu, bayan an naɗi muryarsa yana neman lalata da ɗalibarsa don ya gyara mata maki. A Oktoban 2019 sashen binciken BBC ya fitar da hotunan ɓoye daga Jami'ar Legas da Jami'ar Gana da suka girgiza ƙasashen biyu. Kada wani ya ce ai wannan can Kudu ne; iyaye mata a nan sun san abin da 'ya'yansu ke raɗa musu. Irin wannan ɓarna a duhu take yaɗuwa, inda maki ya zama sirri tsakanin mutum biyu, babu na uku da zai ga takardar.

Na san abin da wasu dattawa za su ce: tarbiyyarmu ba ta yarda almajiri ya tuhumi malaminsa ba. Gaskiya ne an raine mu a kan girmama malami, kuma duk wanda ya zauna a zaure aka biya masa Ta'alimul Muta'allim ya san matsayin da aka ba mai koyarwa. Ba na fatan mu rabu da wannan. Amma ina aka ce girmamawa na nufin haɗiye kuskure? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai girmama wani malami kamar yadda ya girmama Malam Jibrilu ɗan Umaru ba, duk da haka da malamin ya tafi a kan kafirta masu manyan zunubai, Shehu ya saɓa masa, ya rubuta saɓanin da hujjojinsa, cikin ladabi, bai kuma fasa kiransa shehinsa ba. In an iya yin haka a kan mas'alar aƙida, tara 12 da 15 da 9 bai kai a ce tambaya a kansa rashin kunya ba ce. Malamin da ya tabbata da aikinsa ba ya jin tsoron a buɗe takarda. Wanda ke hasala da zarar an ce a duba, shi ne ke sa mutane zargin akwai lauje cikin naɗi, ko da babu.

Sai dai fa in za a faɗi gaskiya, a faɗe ta duka. Kaso mai yawa na masu cika barandar nan ba a zalunce su ba. Ka lura da bakin ɗalibai: in sakamako ya yi kyau, "na ci A", in ya ɓaci, "ya ba ni F." Wani bai shiga aji ba sai sau uku a zango, ya kwafi aikin gida daga wayar abokinsa har da kuskuren rubutun, sannan ya zo yana rantsuwa malami ya tsane shi. Wani kuma da gaske ya sha wahala, ya kwana a aji yana karatu, ya cika shafi goma sha biyu, amma abin da aka tambaya dabam, abin da ya amsa dabam. Wannan na biyun yana ba ni tausayi ƙwarai, sai dai jarrabawa ba ta auna zufa. Haka nan rashin lafiyar mahaifiya, ko rasa tallafin karatu, ko cewa maki biyu kacal ya rage, duk dalilai ne na jinƙai, amma babu ɗayansu da ke mayar da amsar da ba daidai ba ta zama daidai. Wanda rashin lafiya ko rasuwa ta same shi lokacin jarrabawa, akwai hanyar sanar da sashe da takardar asibiti a kan kari. Wannan ita ce hanyarsa, ba ya bari sai sakamako ya fito sannan ya zo da hawaye ba. Malamin da ya ga mutum arba'in irin waɗannan a yini ɗaya, ba mamaki na arba'in da ɗaya, mai gaskiyar, ya tarar fuska a murtuke.

To ɗalibin da ya yi imani an yi masa kuskure, yaya zai yi? Kada ya je ranar da sakamako ya fito, zuciya na tafasa. Ya kwana, ya ɗauko takardar tambayoyin, ya zauna da littafinsa ya auna abin da ya rubuta tsakaninsa da Allah, ko ya sami wanda ya ci kwas ɗin su bi amsoshin tare. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. In ba ta mutu ba, ya tattara abin da ke hannunsa: takardar gwajin da aka mayar masa, shaidar rajistar kwas, katin jarrabawa da mai sa ido ya sa wa hannu. Kada kuma ya yi jinkiri, domin gyara kafin sakamako ya wuce zaman sashe da na tsangaya aikin biro ne, bayan majalisar jami'a ta amince kuwa sai an yi ta rubuce-rubuce. Ya je ofis a lokacin aiki, ba gida ba, ba kiran waya da dare ba. Ɗaliba ta tafi da ƙawarta ko wakilin aji. In an ba shi wuri ya gaisa, ya faɗi sunansa da lambarsa da kwas ɗin, sannan ya ce wani abu kamar haka: "Allah ya gafarta Malam, na ga an rubuta mini 38. A gwaji kun ba ni 24, ga takardar. Ke nan 14 na samu a jarrabawa, kuma na amsa tambaya huɗu. Ina roƙon in da hali a duba ko an tara duka. In haka ne makina, ina so ku nuna mini inda na kasa don in gyara."

Magana irin wannan ba ta zargi kowa ba, ba ta kuma roƙi abin da ba nata ba. Ta bar wa malami hanyar da zai gyara ba tare da ya ji kunya ba, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Abin da zai ɓata ta shi ne kawo sunan wani: "Ai wane tare muka yi karatu, shi an ba shi B." Wannan ba hujja ba ce, kuma tana iya jawo wa wanen bincike. In malami ya ƙi saurara, sai a je wa jami'in jarrabawa ko mai kula da ajin, daga nan shugaban sashe, a rubuce, a riƙe kwafi. Ɗalibi ya kuma sani cewa sake maki takobi ne mai kaifi biyu, wanda aka kai wa takardar yana iya rage abin da aka bayar.

Amma duk wannan dabara ce ta zama da tsarin da ya karkace. Nauyin gyaran yana wuyan jami'o'i. A kasuwar hatsi, ko a Dawanau ko a ƙauye, ba a auna wa mutum gero a bayan rumfa a ƙulle buhu a miƙo masa. A gabansa ake cika mudu, yana kallo yana ƙirgawa, kuma ba wanda ya taɓa cewa wannan raina mai awo ne. Don me ɗalibi zai yi shekara huɗu ko biyar ana auna shi bai taɓa ganin takardar jarrabawarsa ko ɗaya ba bayan ya miƙa ta?

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi. A wajabta wa kowane malami ya kafe makin gwaji, ya mayar wa ɗalibai takardunsu, kafin a shiga jarrabawa. Maki 30 ko 40 ke nan an fitar daga duhu. Bayan an gama makin jarrabawa, kafin a kai sakamako majalisa, kowane sashe ya ware yini biyu ko uku da ɗalibi zai zo ya ga takardarsa a zaure, a gaban malamin da wani malami na biyu, ba biro a hannunsa, ba waya. In an ga kuskuren tarawa ko shafin da aka tsallake, a cike fom a gyara nan take, mutum biyu su sa hannu. Wanda bai gamsu da hukuncin malami a kan ingancin amsa ba, shi ne zai bi doguwar hanyar sake maki, kuma in ya yi gaskiya a mayar masa da kuɗinsa. Za a ce ɗalibai sun yi yawa. Ai ba duka za su zo ba, kuma awannin da malamai ke ɓatawa yanzu wajen sauraron roƙo a ofis da karɓar baƙi a gida sun fi yini ukun nan. Malami ma zai samu abin faɗa wa mai kamun ƙafa: takardar ba a hannuna kaɗai take ba, an riga an gani.

Ina kira ga majalisun jami'o'inmu, daga Zariya da Kano zuwa Sakkwato da Maiduguri, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, su mayar da ganin takardar jarrabawa haƙƙin kowane ɗalibi a rubuce, da ranakunsa a kalandar zango. Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo gida ya ce an kayar da shi, kafin ku ɗauki waya ku nemi wanda ya san malamin, ku tambaye shi nawa ya ci a gwaji, tambaya nawa ya amsa, kuma ya je ya nemi a duba masa ko bai je ba.